Maigidana ba ya tari sai a ɗakina, har dangi sun fara zargina

Assalamu alaikum Likita. Ni amarya ce, watanmu bakwai da aure, muna zaune a Kurna gida ɗaya da uwargida, wadda nake kira Yaya. Maigida ɗan kasuwar Dawanau ne, yana harkar riɗi da wake. Tun yana yaro an ce yana da asma, amma ta daɗe ba ta tashi sosai ba. Yanzu duk ranar girkina, in ya shigo ɗakina, ba a minti goma sai tari ya turnuƙe shi, ƙirjinsa ya riƙa fito, ya yi ta kakin farar majina mai yauƙi. A ɗakin Yaya kuwa barcinsa yake yi, sai ɗan tarin asuba. Ni 'yar gidan turare ce, ba na rabuwa da kasko, kuma nakan rufe ɗaki don ƙamshi ya kama. Tun shigowar hunturu abin ya ƙaru. Ƙannensa mata sun fara cewa wani abu nake zubawa a wuta, Hajiyarsa ma ta daina amsa gaisuwata da sakin fuska. Wallahi ban taɓa taka wurin boka ba. Daga ina majinar nan take fitowa cikin ɗan lokaci haka? Kuma wane magani zan saya masa da zai busar da ita gaba ɗaya?

Amarya, daga Kurna, Kano

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanwata.

Zargin asiri a gidan miji nauyi ne babba, balle a kan wadda ko shekara ba ta rufa ba, don haka na san da irin zuciyar da kika rubuto. Ki kwantar da hankalinki. Duk abin da kika lissafa sananne ne a likitance, har da saurin da majinar ke zuwa da shi, wanda na tabbata shi ya fi ɗaure wa dangin mijinki kai. Sai dai ba zan ɓoye miki ba, kaskonki yana da hannu a ciki. Na yarda ba abin da kike zubawa a garwashi sai turare. Turaren kaɗai ya isa ya yi wannan aiki a ƙirjin mai asma.

Majinar da kike gani tana nan a ajiye tun kafin ya tako ƙofarki. Bututun iskarmu, daga maƙogwaro har ƙananan rassansa da suka ratsa huhu, an shimfiɗe cikinsa da ƙwayoyin halitta iri-iri, biyu daga ciki su suka shafe mu. Akwai masu gashi a ka. Kowace ɗaya tana ɗauke da siraran gasu wajen 200 waɗanda ido ba ya gani, suna kaɗawa sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa guda, dare da rana, duk suna tura abin da ke kansu zuwa sama. A tsakaninsu kuma akwai wasu masu siffar kofi, ƙasansu tsukakke, samansu mai faɗi, cikinsu dam da 'yan ƙunshi-ƙunshi na wani sinadari da ake kira musin. Shi ke ba majina yauƙinta. Majinar mai lafiya kusan kashi 97 cikin 100 nata ruwa ne. Tana kwance sirit a saman gasun nan, ƙura da ƙwayoyin cuta na maƙalewa a jikinta, ana haurowa da ita sannu a hankali har maƙoshi, mu haɗiye ba mu sani ba. Ni da ke duk muna haɗiyar ta kullum. Mutumin da ke wuni cikin ƙurar riɗi da wake, ba don ita ba da huhunsa bai kai labari ba.

Musin a cikin ƙunshinsa a matse yake, kusan a bushe, sinadarin kalsiyam ya ɗaure shi tam. Kin san garin kuka: ɗan cokali biyu ne a hannu, amma da ya haɗu da ruwa sai ya kama tukunya da yauƙi, in kuma ruwan ya yi kaɗan ya yi gudaji ya ƙi kaɗuwa. Haka musin yake. Da ƙunshin ya buɗe a bakin ƙwayar halittar ya sha ruwan da ke wurin, sai ya kumbura ninki ɗari ko fiye cikin ƙiftawar ido. Shi ya sa ƙirjin da yake shiru ɗazu zai cika yanzu.

To me ke sa ƙunshin ya buɗe? A nan maganar wasu ƙananan sinadarai ta shigo, waɗanda ake kira nukiliyotaid. Wanda aka fi sani a cikinsu shi ne ATP, da shi kowace ƙwayar halitta a jikinki take samun ƙarfin aiki, an gano shi tun 1929. Akwai ɗan'uwansa UTP. Mazauninsu cikin ƙwayar halitta ne, a can suke jibge, a waje kuwa 'yan kaɗan ne ƙwarai. Saboda haka duk lokacin da ATP ya bayyana a waje da yawa, jiki na fahimtar cewa an taɓa wurin. Wani masani haifaffen Ingila, Geoffrey Burnstock, shi ya fito a 1972 ya ce ATP saƙo ne da ake aikawa daga wata ƙwaya zuwa wata, aka daɗe ana musa masa, sai a farkon shekarun 1990 aka zaƙulo ainihin makarɓan saƙon.

Ko numfashin yau da kullum, da yake iska na gogar bangon bututu tana miƙa shi, yakan sa a saki ATP kaɗan-kaɗan ta wasu 'yan kafofi da ke jikin ƙwayoyin. Wannan kaɗan ɗin ke riƙe da aikin kullum. In hayaƙi ya shigo, ko ƙura mai kaifi, ko aka yi tari mai ƙarfi, sai a sake shi da yawa. A fatar ƙwaya mai siffar kofi akwai makarɓi da masana suka sa wa suna P2Y2, wanda ATP da UTP duk suke kamawa. Da sun kama shi, sai a cikin ƙwayar a saki kalsiyam daga ma'ajiyarsa, kalsiyam ɗin ya sa ƙunshin musin su matso baki, fatarsu ta haɗe da ta ƙwayar, su juye abin da ke cikinsu waje. Duk wannan daƙiƙoƙi ne zuwa 'yan mintoci. Su kansu ƙunshin suna ɗauke da nukiliyotaid a ciki, don haka juyewar ƙwaya ɗaya na sanar da maƙwabtanta. Ga kuma tarin kansa: tari na sa a saki ATP, ATP na taɓa jijiyoyin tari ta wani makarɓi daban mai suna P2X3, a ƙara yin tarin. Wannan na cikin dalilan da suka sa in ya fara ba ya tsayawa da wuri, ko da kin fitar da kaskon tsakar gida.

Abin da ya fi burge ni a wannan tsari, wanda kuma nake so ki riƙe da kyau, shi ne saƙon ba majina kaɗai yake kira ba. ATP ɗin nan yana sa ƙwayoyi masu gashi su ƙara saurin kaɗawa. Yana buɗe kafofin da gishirin kuloraid ke bi ya fito saman bututu, yana rage tsotse sodiyam, ruwa kuwa gishiri yake bi, sai wurin ya jiƙe. Sannan akwai wasu sinadarai a saman bututun da ke farfasa ATP nan da nan su mai da shi adinosin, shi ma adinosin ya kama nasa makarɓin ya buɗe wata kafar kuloraid mai suna CFTR, ƙarin ruwa ya fito. An haɗa musin, da ruwan da zai jiƙa shi, da gasun da za su kwashe shi, duk a kan umarni ɗaya, kuma an sa umarnin ya mutu da wuri don kada a wuce gona da iri. Tsarki ya tabbata ga Wanda ya tsara. Akwai wata cutar gado da ta fi yawa a tsakanin Turawa, wadda kafar CFTR ke lalacewa a cikinta, an gano ƙwayar gadonta a 1989. Yaran da ke da ita majinarsu ke ƙafewa ta toshe huhu, kuma wajen neman musu magani ne, musamman a Jami'ar Arewacin Karolina ta Amurka, aka samo da yawa daga abin da nake gaya miki.

Ban da wannan, a ƙarƙashin bangon manyan bututu akwai wasu 'yan ƙulli masu tsatso da majina waɗanda jijiya ke ba umarni, su ma hayaƙi na tayar da su.

Mai lafiya ma in ya shaƙi hayaƙin kaskonki duk wannan zai faru a ƙirjinsa, ya yi gyaran murya ya wuce. Ke kanki shaida ce. Bambancin mijinki shi ne ajiyarsa ta yi yawa. Mai asma bangon bututun iskarsa a kumbure yake koyaushe, ko da yana jin kansa garau, kuma ƙwayoyin garkuwar jikinsa na fitar da wani sinadari mai suna IL-13, wanda ke sa ƙwayoyin shimfiɗar su rikiɗe su zama masu siffar kofi, har a ƙananan rassan da a da ba su da su sosai, su cika da wani nau'in musin mai danƙo, MUC5AC. Wannan cikawa aikin kwanaki ne da makonni. Abin da ke rura ta kuwa ga shi nan a rayuwarsa ta kullum: ƙurar da yake shaƙa in ana shiƙar riɗi ana cika buhuna, hayaƙin manyan motoci da adaidaita sahu a titin Katsina safe da yamma, da hazon hunturu, wanda iska ke ɗebo ƙurarsa tun daga kwarin Bodele a ƙasar Chadi, ga shi busasshe yana ƙafar da ruwan saman bututu. Ya dawo gida ƙirji a cike, ya shigo rufaffen ɗaki mai hayaƙin itacen turare da ƙonannen sukari da mai. Musin mai yawa ya fito lokaci guda, ruwan da ke wurin bai ishe shi ba, ya yi kauri. Naman da ke zagaye da bututun ya tsuke. Iska na matsawa ta 'yar hanyar da ta rage, shi ne fiton da kike ji.

Ki duba abin da kika faɗa da bakinki: a ɗakin Yayarki ma yana tarin asuba. Tarin dare da na asubahi alama ce ta asmar da ba a shawo kanta ba. Cutar na tare da shi a ɗakunan biyu, a naki ne kawai take samun abin da zai tayar da ita.

Maganin busar da majina kuwa, ki bar neman sa, ina roƙon ki. Kaurin majina ne hatsarin mai asma. Waɗanda asma ta yi ajalinsu, in aka duba huhunsu, sau da yawa akan tarar da ƙananan bututu a toshe da daskararriyar majina. Ƙwayoyin mura masu sa barci da ake bayarwa a kemis maƙoshi suke busarwa, ba sa taɓa kumburin. Ruwan maganin tari mai kodin, wanda gwamnatin tarayya ta hana sarrafa shi da shigo da shi a 2018, yana kashe tarin da ke fitar da majinar, yana kuma rage numfashi, ko an ce akwai mai shi a ɓoye kada ya kusance shi. Haka ƙwayoyin firedinisolon da desametason da ake haɗa wa mutane a leda. Suna kawo sauƙi da wuri, shi ya sa ake komawa, amma shan su wata da watanni ba da sanin likita ba na jawo hawan jini, ciwon suga da raunin ƙashi. Aminofilin ma, tsohon maganin asma wanda ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne tare makarɓan adinosin, tsakanin adadin da ke magani da wanda ke rikita bugun zuciya babu nisa.

Za ki ce tunda an san makarɓin, me ya hana a yi maganinsa? An gwada ta fuskar jawo ruwa. An yi wani maganin shaƙa mai suna denufosol, mai kama P2Y2, don masu waccan cutar gado, babban gwajinsa na ƙarshe bai nuna amfani ba, aka ajiye shi a 2011. Ɗan'uwansa dikwafosol ya samu karɓuwa a Japan a 2010, amma a matsayin maganin ɗigawa a ido mai bushewa, domin ido ma na da ƙwayoyi masu siffar kofi. Ga mai asma, hanyar da ta tabbata ita ce a rage ajiyar, a kuma kawar da abin da ke tayar da ita.

Don haka ku je asibiti, kada ku jira sai ta tashi. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala duk ana ganin masu ciwon ƙirji. Ni daga wasiƙa nake magana, likitan da zai sa abin sauraro a ƙirjinsa, ya sa shi ya hura na'urar auna numfashi, shi zai tabbatar. Ku nemi a gwada kakinsa na tarin fuka tunda tarin ya wuce mako biyu. Gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, Najeriya kuma na cikin ƙasashen da cutar ta fi yawa a duniya, cire shakka ba abin kunya ba ne. In asma ce za a ba shi inhela, wato maganin da ake shaƙa ta baki. Mai buɗe ƙirji nan take, salbutamol, wadda galibi shuɗiya ce, naman bututu kawai take sassautawa. Wadda ke rage kumburi ta hana ƙwayoyi masu siffar kofi yawaita ita ce mai ɗauke da ɗan sitiroyid, dangin maganin da ke cikin ƙwayoyin ledar nan, irin su budesonaid ko beklometason, kuma ita aka fi watsarwa, saboda ba a jin aikinta a ranar farko. Sauƙi kan fara cikin kwanaki, cikakken aikinta sai an yi makonni ana shaƙa. Tun 2019 ƙa'idar kula da asma ta duniya ta daina amincewa a bar babban mutum da shuɗiyar ita kaɗai. Za ku ji masu cewa inhela in an fara ba a dainawa. Ba haka ba ne, ba ta zama jaraba, kuma abin da ke shiga jini daga gare ta bai kai na ƙwayar leda ba ko kusa. Ya riƙa kurkure baki bayan ya shaƙi mai sitiroyid. Ya gwada shaƙa a gaban ma'aikacin jinya a gyara masa, don da yawa a harshe suke fesa ta, ba ta isa huhu.

Sai ɗakinki. Na san matsayin turare a wurin 'yar gidan turare. Da shi kika tashi, da shi aka kawo ki, kuma don mijin nan kike yi. Ba laifi kika yi ba. Amma ki kashe kaskon kwata-kwata, har na lantarki, da turaren tsinke, da maganin sauro na kunnawa da na fesawa, ku koma gidan sauro. Har ranakun da ba girkinki ba, domin hayaƙi na zama a labule da darduma da katifa. Ki sauke labulen ki wanke, ki shanya katifa da filo a rana, ki riƙa goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon shara mai tayar da ƙura, ki buɗe taga in hazo ya lafa. Kayan da aka turara a kabbasa su ma ki ajiye su tukuna. Bayan ƙirjinsa ya lafa a kan magani, ki gwada humra 'yar kaɗan a jikinki ki gani. Wasu na jure ƙamshin da ba na hayaƙi ba, wasu ko shi ba sa jurewa. Hayaƙi kam ba zai dawo ɗakin da yake kwana ba.

Shi kuma ya sa takunkumi mai kama fuska sosai, irin N95, in ana shiƙa ko loda buhuna, ya tsaya ta inda iska ke fitowa, in ya dawo ya cire kayan kasuwa ya yi wanka kafin ya zauna. Ya riƙa shan ruwa, hunturu na ɓoye ƙishirwa. Nono da madara da ake hana masu tari ba sa ƙara majinar ƙirji. Sirace da man zafi kuwa wasu masu asma shi ke tayar musu, ku bar shi.

Game da dangi, kada ki tsaya musu da ƙannensa, ba za ki ci riba ba. Maganar ta mijinki ce, shi ya kamata ya kai ta gaban Hajiya. Ki same shi ranar da yake jin daɗin jikinsa, ki ce masa kin lura hayaƙi ne ke tayar masa, kin bar shi saboda lafiyarsa, kina roƙon ya je asibiti. In zai yiwu ya tafi da ƙanwarsa wadda ta fi zafi a maganar, ta ji daga bakin likita. Hajiya kuwa ki ci gaba da gaishe ta yadda kika saba. Uwa ce ta ga ɗanta na haki, tsoro ne ya ɗaure mata fuska. Ta fi kowa sanin asmarsa, ita ta yi jinyarsa yana yaro, don haka ki tambaye ta cikin ladabi me ke tayar masa a wancan lokaci. Ba mamaki ta ambaci hayaƙin murhu da bakinta. Yayarki ki jawo ta jiki, ku san inda inhela take a ɗakunan biyu.

Akwai abin da nake tsoro ƙwarai a irin wannan zargi. In aka ce sammu ne, abin da ke biyo baya shi ne a kawo garin magani a ce a yi masa hayaƙi, a lulluɓe shi da bargo a kan garwashi. Ga mai ƙirji irin nasa wannan na iya zama ajali. In suna so a yi masa addu'a da tofi, a yi, ke ma ki sa baki, addu'a ba ta hana inhela. Hayaƙi ne kawai za ku tsaya ku uku, ke da shi da Yayarki, a kan ba za a yi ba, kuma shi ya faɗa da bakinsa. In ya yi makonni yana kwana ɗakinki lafiya, gani ya kori ji.

Akwai daren da ba a jiran safiya. In ya kasa ƙarasa magana sai ya tsaya jan numfashi, ko leɓɓansa da farcensa suka canja launi suka yi toka-toka, ko ya shaƙi shuɗiyar ba sauƙi, ko fiton ya ɗauke alhali yana ta haki yana lumshe ido, ku zaunar da shi a miƙe, kada ya kwanta, ya ci gaba da shaƙar shuɗiyar, ku nufi sashen gaggawa a take. Ɗaukewar fito a irin wannan hali na nufin iska ta kusa daina wucewa. Jini a kaki, zazzaɓi da gumin dare, ko ramewa, su ma a kai wa likita a makon. Tun yau ki ajiye lambar mai adaidaita sahu ɗaya na unguwarku wanda zai ɗaga waya da tsakar dare. Allah ya ba shi lafiya, ya wanke ki a idon danginsa.